Yadda za ka haɗa mara lafiyarka na gida da likita ta waya kana zaune a Legas

Duk ɗan Arewan da ke neman abinci a Legas ya san wannan kiran. Kana tsakiyar ciniki a Mile 12, ko kana cikin cunkoson hanyar Agege, sai waya ta shigo daga gida: "Yaya, jikin Inna fa ya motsa." Ka tambayi abin da ke damunta, a ce maka jikin ne dai. Ka tura kuɗi, a je kemis a haɗo magani kala huɗu a leda, gobe ka kira a ce da sauƙi, bayan mako biyu a sake kiranka. Tsakaninka da ita tafiyar wuni ce cur a mota, wani lokaci har da kwana a hanya.

Shekara uku ke nan ina kula da hawan jinin mahaifiyata daga nan Agege, ita kuwa tana ƙauyenmu a jihar Katsina. Likitan da ke duba ta a Legas yake, sau ɗaya tak ya taɓa ganin ta ido da ido. Wannan hanya ta ganin likita daga nesa ta samu karɓuwa ne tun 2020, lokacin da korona ta fara ɓulla a Legas a watan Fabrairu, aka shiga kulle, asibitoci suka koma sauraron marasa lafiya ta waya, har gwamnatin jihar ta buɗe shirinta na Eko Telemed. Abin da na koya a shekarun nan shi ne likitan da ke nesa ba ya iya ganin komai sai abin da na kusa da mara lafiya ya nuna masa. Yawancin aikin a can gida yake, kuma kai ne za ka tsara shi tun kafin a buga waya.

Mataki na farko: raba ciwon waya da ciwon asibiti

Da wannan za ka fara, domin akwai halin da kiran likita ɓata lokaci ne kawai. Idan baki ya karkace, ko hannu ko ƙafa ɗaya ta saki, ko magana ta sarƙe farat ɗaya, alamun shanyewar ɓarin jiki ne, kowane minti yana da muhimmanci. Haka ciwon ƙirji mai tsanani tare da gumi, numfashi da ƙyar, suma, jijjiga, aman jini ko kashin jini. Zazzaɓi mai zafi da wuya ya sandare, musamman a lokacin zafi a Arewa, sanƙarau ake tsoro. Mai ciki da ta ga jini, ko kanta ke sarawa ganinta na dishi-dishi, ko fuska da hannuwa suka kumbura. Jaririn da bai kai wata 3 ba ya yi zazzaɓi. Yaron da ya ƙi nono, yake amayar da duk abin da aka ba shi, ko haƙarƙarinsa ke lotsawa in ya ja numfashi. Saran maciji ma haka, kuma kada a tsaga wurin, kada a ɗaure shi tamau. Duk waɗannan a ɗauki mutum a tafi asibiti mafi kusa, in ya so a kira likitan ana cikin mota.

A Legas muna da 112 da 767 na gaggawa. A ƙauye abin da zai fi yi maka amfani shi ne lambar mai mota biyu daga garinku, waɗanda ka riga ka yi magana da su cewa ko ƙarfe biyun dare aka buga musu ƙofa su fito, kai za ka biya daga nan. Ka yi wannan maganar yau, tun kowa yana lafiya.

Abin da waya ta fi dacewa da shi shi ne ciwon da ake zama da shi: hawan jini, ciwon suga, asma, farfaɗiya, ciwon gaɓoɓi, ƙurajen fata, damuwa da rashin barci, karanta sakamakon gwaji, bibiyar wanda aka sallamo daga asibiti, da neman ra'ayin likita na biyu kafin a yarda da tiyata.

Mataki na biyu: nemo wanda zai zama hannun likita a gida

Mutum ɗaya kake buƙata, tsayayye, mai iya karatu da rubutu ko da na Hausa ne, mai babbar waya, wanda ba ya yawan tafiye-tafiye. Idan akwai asibitin sha-ka-tafi a garinku, ka je wurin malamin asibitin ko ungozomar ka gabatar da kanka lokacin da ka je gida. Su sun san awon jini, sun san gwajin zazzaɓin cizon sauro na ɗan tsinke, suna iya taɓa ciki su gaya wa likita inda ke ciwo. Ka riƙa yi musu ihsani a kan lokacinsu da katin wayarsu.

A nan na yi kuskure da farko. Ƙanena na ɗora a kan aikin, saboda shi ne mai waya. Wata biyu ana kira, kullum Inna ta ce lafiya lau, ashe fitsari na yi mata zafi, tana tashi sau da yawa da dare, amma ba za ta iya faɗa a gaban ɗanta namiji ba, balle ni da nake kan layi. Sai da 'yar ƙanwarta, wadda ta gama sakandare, ta karɓi aikin sannan maganar ta fito. In mara lafiyar mace ce, ka nemo mace. In akwai abin da ya shafi al'aura ko haihuwa, ka nemi likita mace, kai kuma ka sauka daga layin ka bar su. Ka kuma nemi yardar mara lafiyar tun farko. Dattijo ba ya son a yanke hukunci a kan jikinsa daga Legas ba a shawarce shi ba, in ka yi haka zai karɓi maganin ya ajiye a ƙarƙashin katifa.

Mataki na uku: kayan awo da littafi

Ka sayi na'urar awon jini mai batir, wadda ake ɗaurawa a dantse, ta fi ta wuyan hannu inganci. Ka duba girman ɗaurin, domin in ya yi wa mai jiki kaɗan zai nuna jinin ya hau fiye da gaskiya. Ka haɗa da ma'aunin zafin jiki, da na'urar awon suga in akwai ciwon suga, tare da tsinkayenta masu yawa, don kowace na'ura da irin nata kuma ba lallai a same su a ƙauye ba. A manyan kantunan magani masu rajista za ka saya, ka sa a gwada a jikinka a wurin. Kafin ka ba direba ya kai gida, ka ɗauki bidiyon kanka kana amfani da su kana bayani da Hausa, ka tura.

Ga yadda ake awon jini. Mara lafiya ya zauna a kujera ya jingina baya, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, ya huta minti 5. Kada ya ci goro, ko ya sha kofi ko taba, minti 30 kafin awon. Iyayenmu da goro a baki suke wuni, saboda haka da safe kafin a fara shi ne lokacin da ya fi. A ɗora hannu a kan tebur ko matashi yadda ɗaurin zai yi daidai da ƙirji, a kan fata, ba a kan hannun riga mai kauri ba. Ba magana har na'urar ta gama. A auna sau biyu, minti ɗaya tsakani, a rubuta duka biyun, safe da yamma, kwana 7 a jere kafin ranar ganin likita. Lamba uku na'urar ke nunawa, ta sama da ta ƙasa da bugun zuciya, duk a rubuta. Daga 140/90 zuwa sama ake kiran jini ya hau, amma awo ɗaya ba ya yanke hukunci, jerin kwanakin likita ke dubawa. In aka ga 180/120 ko fiye, a huta a sake aunawa, in bai sauka ba a nemi likita a ranar. In kuwa da ciwon kai mai tsanani, ciwon ƙirji ko dishi-dishin gani, asibiti kai tsaye.

Awon suga na safe ana yin sa ne bayan aƙalla awa 8 ba a ci komai ba. A lura da ma'aunin da na'urar ke amfani da shi, domin iri biyu ne: 126 a ma'aunin mg/dL daidai yake da 7.0 a ma'aunin mmol/L. Shi ya sa ya fi kyau a ɗauki hoton fuskar na'urar a tura, maimakon a karanto lamba da baki. Suga da ya faɗi ƙasa da 70 a ma'aunin farko, mutum na rawar jiki yana gumi, a ba shi ruwan sukari nan take in yana cikin hayyacinsa. In ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a tafi asibiti. Zafin jiki kuwa daga 38 a ma'aunin Celsius ake kiransa zazzaɓi.

Sai littafi. Littafin rubutu na 'yan makaranta ya wadatar. Shafin farko a rubuta suna, shekaru, cututtukan da aka sani, tiyatar da aka taɓa yi, da maganin da ya taɓa yi wa mutum illa kamar ƙaiƙayi ko kumburin fuska. Sauran shafukan a ja layi: rana, lokaci, awo, maganin da aka sha, abin da aka ji a jiki. Namu yanzu na huɗu muke ciki, bangonsa duk ya sha manja, amma likitan ya fi dogara da shi fiye da duk bayanin da ni zan yi masa.

Mataki na huɗu: zaɓen likita

Hanyoyin suna da yawa. Akwai manhajojin waya da ke haɗa mutum da likita a biya ta banki. Akwai asibitoci masu zaman kansu da ke ba da lokacin ganawa ta bidiyo. In kana da inshorar lafiya ta wurin aiki, ka tambaye su ko suna da layin likita, ka kuma tambaya ko ya shafi iyaye, don sau da yawa mata da 'ya'ya kaɗai ya ƙunsa. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta wajabta inshorar a kan kowa, jihohi kuma suna da hukumominsu na taimakekeniyar lafiya, saboda haka ka binciki ta jiharku ka yi wa iyayenka rajista a can inda suke, ko don ranar da za a kwantar da su.

Ko ta wace hanya ka bi, ka nemi cikakken sunan likitan, da asibitin da yake aiki, da lambar rajistarsa ta hukumar MDCN mai kula da likitoci a Najeriya, wadda ke sabunta musu lasisi duk shekara. Likitan gaskiya ba ya jin haushin wannan tambayar. Wanda ka gani a Facebook ko TikTok sanye da farar riga, yana cewa yana warkar da ciwon suga ko hawan jini gaba ɗaya, kuma shi ne mai sayar da maganin, ka rabu da shi. Waɗannan cututtuka lallaɓa su ake yi har tsawon rai.

Ni a ganina, in ka samu likita mai jin Hausa ka riƙe shi da kyau, ko da kuɗinsa ya ɗan fi. Ana samun su a Legas, ka tambaya a masallatan Idi-Araba da ke maƙwabtaka da asibitin koyarwa na LUTH, ko a wurin 'yan ƙungiyar garinku. Kuma ba dole sai na Legas ba. Likitan da ke Kano, Zariya ko Sakkwato yana da wata fa'ida: ranar da abu ya kai a gan shi, tafiyar ba ta da nisa. Ku yi maganar kuɗi tun farko, nawa ne ganawa ɗaya, kuma ko ta haɗa da duba sakamakon gwaji bayan kwana biyu. Sannan ka tsaya a kan likita ɗaya. Yau wannan gobe wancan, kowa na rubuta nasa, shi ke tara wa tsoho magunguna masu karo da juna.

Mataki na biyar: daren jajibirin ganawa

A zazzage duk maganin da ke ɗakin mara lafiya a kan tabarma, duka, har da na cikin kwalla da na ƙarƙashin filo, a ɗauki hoton kowanne gaba da baya yadda sunansa zai fito. Da jiƙe-jiƙe, da garin magani, da na basir da aka saya a kasuwa. Ba za a yi wa kowa faɗa ba, ka gaya musu haka, in ba haka ba za su ɓoye. Ta wannan hoton muka gano dalilin da jinin Inna ya ƙi sauka wata da watanni. A gefen tabarmar akwai wani ɗan kati da ya kusa ƙarewa, likitan ya ce a matso da shi. Diclofenac ne, tana sha kullum saboda gwiwa, wani mai kemis ya ba ta. Irin wannan maganin yana ɗaga jini, yana taɓa ƙoda, yana tayar da gyambon ciki in an daɗe ana sha. Da aka tsayar da shi aka sauya mata wani, lambobin littafin suka fara sauka.

A ɗauki hoton shafukan littafin da takardun gwaji da rana, a inuwa mai haske, takardar a shimfiɗe. A WhatsApp a zaɓi HD ko a tura a matsayin fayil, don kada rubutun ya dushe. In ƙurji ne ko rauni, hoto biyu, ɗaya daga nesa a ga wurin da yake a jiki, ɗaya kusa, a ajiye murfin kwalba a gefe don a gane girmansa. A cika caji, ka tura data, a gano inda sabis ya fi ƙarfi a gidan. In bidiyo na yankewa kada ku nace, a tura hotuna tukuna sannan a yi kira na murya, ku haɗu ku uku a layi.

Mataki na shida: ganawar kanta

Ka bar su su gaisa. Minti ɗayan da Inna ke cewa "Likita, ina gajiya, ya iyali", shi kuma ya ce "Hajiya, ya ƙarfin jiki", shi ke buɗe bakinta. Daga nan ka yi shiru ta yi bayani da kanta, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu 'yan birni muna da saurin katse iyaye mu fassara abin da muke zaton suna nufi.

In kai ne tafinta, ka kiyayi sunayen cututtuka. Bahaushe yakan zo da sunan ciwonsa a shirye. Zai ce shawara ce, ko basir, ko sanyi, ko taifot, alhali kowace kalma tana ɗauke da abubuwa da yawa. Wanda ya ce shawara, wataƙila idonsa ne ya yi rawaya, wataƙila kasala ce kawai da ɗacin baki. Basir na iya zama tsiro a dubura, ko taurin bayan gida, ko ciwon baya, ko raunin mazakuta da ake jin nauyin faɗa. Sanyi a bakin mace daban, a bakin tsoho mai ciwon gwiwa daban. In ka fassara wa likita sunan kai tsaye, ka sa shi a hanyar da ba ita ba. Ka tambayi abin da ake ji: a ina yake, a nuna da yatsa a bidiyo, yaushe ya fara, suka yake ko murɗa ko zafi, me ke tayar da shi, me ke kwantar da shi. In an kasa tuna rana a auna da abin da aka sani, kafin Sallar layya ne ko bayanta, kafin girbi ko bayan an kai amfani gida. "Kwana biyu" a bakinmu yana iya zama wata uku, kada ka miƙa wa likita shi a matsayin kwana 2.

Kafin a ajiye waya ka tabbata kun samu amsar waɗannan: me likita yake zato, wane gwaji za a yi kuma a ina, yaya za a sha maganin kuma har yaushe, wace alama ce in an gani a tafi asibiti ba jira, yaushe za a sake magana. Ka sa wadda ke kusa da mara lafiya ta maimaita da bakinta, likita yana ji. In likitan ya ce wannan sai an taɓa, sai an saurari ƙirji, sai an ɗauki hoto, ka yarda, ka nemi ya rubuta takardar turawa zuwa babban asibiti mai bayanin abin da ya gani. Kada ka roƙe shi ya rubuta wani abu a sha kafin nan don gudun kuɗin mota.

Mataki na bakwai: sayen magani

Takarda a rubuce za ka karɓa, mai sunan likita da kwanan wata, da asalin sunan maganin, da ƙarfinsa, da yadda za a sha. A kai ta kantin magani mai rajista, ko da sai an shiga cikin gari. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, in akwai wurin kankarewa a jikin kwalin a kankare a tura lambar ta saƙon waya a ga amsa. In mai kanti ya ce babu wannan amma ga ɗan'uwansa, a ɗauki hoto a turo tukuna. Mu ƙa'idarmu ita ce ba a haɗiye ƙwaya ko ɗaya daga sabon kwali sai na ga hotonsa na tura wa likita. A jikin kowane kwali a zana alama, rana ga na safe, jinjirin wata ga na dare. Kuɗin maganin kuma ka tura wa wadda ke riƙe da littafin kai tsaye, ko ga kantin, domin kuɗin da ya shiga gida lokacin da buhu ya kusa ƙarewa kowa ya san inda zai tafi, kuma ba laifinsu ba ne.

Mataki na takwas: bibiya

Mafi yawan matsala bayan an fara jin sauƙi take zuwa. Inna ta taɓa daina shan maganin hawan jininta, amlodipine, da kanta saboda ƙafafunta sun kumbura, ba ta gaya wa kowa ba. Lambobin littafin ne suka tona, muka ga suna hawa kwana biyar a jere. Kumburin ƙafa sananne ne ga wannan maganin, likitan ya gyara mata tsarin a kira ɗaya. Tun daga nan duk ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ake turo mini hoton shafin mako, ni kuma in tambaye ta kai tsaye ko akwai maganin da ke damunta.

Kafin azumi da 'yan makonni a yi ganawa ta musamman, musamman ga mai ciwon suga, don a gyara lokutan shan magani tsakanin sahur da buɗa-baki, ko a faɗa masa gaskiya in azumin zai cutar da shi. Hotunan jiki da takardun gwaji kuma kada a zuba su a zauren WhatsApp na dangi. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin abubuwan da ake tsananta sirrinsu, kuma ko ba doka, dattijuwar da ta ji ana zancen ciwonta a gidan biki ba za ta ƙara faɗa maka komai ba.

Aƙalla sau ɗaya a shekara a kai mara lafiya gaban likita da ƙafarsa, a auna ƙoda, a duba ido, a duba tafin ƙafa in mai suga ne. Ni nakan haɗa shi da zuwa Sallah. Nakan ƙara kwana biyu a kan hutuna, mu shiga Katsina da sassafe da littafin da na'urar awon jinin a jaka, a gwada ta da ta asibiti a ga ko har yanzu tana faɗin daidai, in ɗauki hoton sakamakon tun muna harabar asibitin in tura Legas.